Halifa Shirindil da Kawunan Ƙarƙashin Gada

Jama'a a miƙe tsaye. Mai hula ya cire hula, wanda ya sayar da tasa ya dafe ƙeya. Ga Halifa Shirindil nan tafe, Sarkin Askar yammacin Kabul, Ministan Yaƙi da Ƙwarƙwata, Babban Kwamandan kujera mai ƙafa uku da bulo ɗaya. Mutumin da tsofaffin kanar-kanar da malaman makaranta da ɓarayin takalman masallaci suka sunkuya a gabansa ba tare da ya ɗaga murya ba. Tsawonsa bai kai kafaɗata ba, kuma haƙoransa biyu na gaba sun riga shi yin ritaya.

Ni sunana Nasrat, wannan karon na gaskiya ne. A aji bakwai na yi wa makaranta sallama, don haka inda rubutu ya karkace ku daidaita da kanku. Sau uku Halifa ya aske ni, kuma babu ko sau ɗaya da na je da ƙafata.

Kafin ya zama namu, Halifa mai shago ne. Shekara talatin yana aski a wani ɗan shago da ke bakin gada, wanda ya gada wurin ubansa tare da madubi da butar tagulla. Uban har kaciya yake yi da cire haƙori. Shi Halifa ya tsaya a gashi, ya ce baki da ƙasan cibiya ba huruminsa ba ne. Yana da rediyo, yana da hotunan samari masu gashi a tsaye manne a bango, ka nuna wanda kake so ya yi maka wanda ya ga dama. Da masu rawani da bindiga suka dawo kan mulki suka hana taɓa gemu da askin gayu, sai ya kashe rediyon, ya juya hotunan suka fuskanci bango. Ciniki ya ragu, amma ba wannan ne ya rufe shagon ba.

Ɗansa ne ya rufe shi. 'Ya'ya mata huɗu Allah ya ba Halifa, sannan Faridun. Yana da shekara goma sha takwas ya tsallaka Iran aikin gini, kamar kowa. A can masu ɗaukar siminti suna da abin da suke zuƙa don baya ya daina ciwo a yi kwana biyu ana aiki. Bayan shekara uku aka koro shi, ya dawo da jakar leda ɗaya da hoda a jininsa. Injin aski ya fara ɓacewa daga shago, sai tukunyar uwarsa, sai madubin kakansa. Wata safiya ya sauka ƙarƙashin gada, taku ɗari biyu daga ƙofar shagon, bai sake hawowa ba.

Halifa ya sauka nemansa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Wanda bai taɓa sauka ba ba zai gane ba. Da rana tsaka duhu ne, hayaƙi da warin kwata, mutum sama da dubu kowa ya lulluɓa da bargo yana tsugune kan takardar gwangwanin da yake ƙona hodarsa a kai. Kuma fuska ba ta daɗewa a can. Wata uku sun isa kumatu su shige, gemu ya rufe sauran, ka zama kamar kowa. Uwar da ta haife ka sai ta taka ƙafarka ta ce maka yi haƙuri bawan Allah. Halifa ya yi ta ɗaga barguna yana kiran suna, har aka kwashe masa takalmi yana tsaye a cikinsu. Haka dai ake faɗa, ban gani ba.

Da aka fara kamen 'yan hoda ana zubawa a mota ana kaiwa Sansani, sai aka ce ana neman wanzami. Ranar Halifa ya sa wa shago kwaɗo, ya naɗe askarsa a tsumma, ya je ya tsaya a bakin ƙofar Sansani har aka ɗauke shi aikin. Lissafinsa mai sauƙi ne. Duk wanda ke ƙarƙashin gada, in bai mutu ba, wata rana mota za ta kawo shi, kuma duk wanda mota ta kawo sai ya sunkuya a kujera.

Yakan ce fuska tana ƙarya, suna yana ƙarya, amma ƙoƙon kai bai iya ba. Shi Faridun murɗin gashi biyu gare shi a tsakar ka, irin wanda tsofaffin mata ke cewa mai shi zai yi mata biyu. Sannan akwai tabo a bayan kunnen hagu, kamar jinjirin wata. Halifa ne ya yi masa shi da hannunsa ranar askin farko, yaron yana jariri, gida cike da baƙi ana rabon alewa. Murnar samun namiji ta sa hannunsa ya yi rawa. Ya ce a shekara talatin wannan ne kaɗai yankan da ya yi wa mutum ba da niyya ba.

Don haka duk wanda ya zauna, kafin aska ta taɓa shi, sai Halifa ya jiƙa tsakar kan, ya buɗa gashin da babban yatsa, sannan ya lanƙwasa kunnen hagu ya leƙa. Mu da ba mu san dalili ba mun ɗauka ƙwarƙwata yake ƙirgawa don ya kai rahoto.

Sansani kwana arba'in da biyar ne. A sauke ku daga mota, a tuɓe ku, a sakar muku ruwan sanyi da tiyo, a aske ku, a ba ku riga da wando shuɗɗa. Sati biyun farko kana amai kana zawo kana rawar ɗari, ƙashinka kamar ana sara shi da gatari, kana roƙon bango ya faɗo maka. Magani shi ne ruwan sanyi. In ka yi ihu, ƙarin magani. Likita ɗaya ne a kan mu ɗari uku, mutumin kirki, abin da ke aljihunsa biro ne kawai. Bayan nan sai gurasa da romon da wake ya ratsa ta cikinsa da gudu, da wa'azi, da zama a rana. Ranar arba'in da biyar a buɗe ƙofa a ce Allah ya shirya. Babu aiki, gida sun gaji da kai, aljihu babu ko afgani goma na mota. Gada kuwa tana nan inda ka bar ta, ba ta taɓa cewa ina ka shiga ba.

Akwai abu ɗaya da za ku riƙe kafin in ci gaba. A bakin ƙofar Sansani akwai magatakarda mai tambayar sunanka da na ubanka. In ka faɗi na gaskiya, za a aika gida, mai unguwa ya ji, maƙwabta su ji, wanda ke neman ƙanwarka ya fasa. Saboda haka aro muke yi. Kuma aron yana da doka: ba a aron sunan mai rai. Wataƙila yana cikin motar da ta kawo ka, a kira suna ku amsa ku biyu, ku sha bulala ku biyu. Sunan mamaci ake ɗauka. A ƙarƙashin gada in mutum ya cika, wani ya ja bargon, wani takalmin, wani sunan. Zuwana na farko Sattar nake. Na biyu Wahidullah. Dukansu mutanen kirki ne, Allah ya jiƙansu, ba su taɓa yin ƙorafi ba.

Zuwana na uku ƙarshen hunturu ne, dusar ƙanƙara ta fara narkewa. Muna tsugune a layin aski muna karkarwa, gabana wani dattijo da muke kira Mu'allim, don da gaske ya koyar da lissafi shekara ashirin kafin ciwon ƙoda ya haɗa shi da hoda. Shi duk sanda aka kama shi sai ya ba da lacca.

“Ku jahilai ba ku san komai ba,” in ji shi, haƙoransa suna kaɗawa. “A ƙasashen Turawa yanzu likita ne yake rubuta wa mutum wiwi a takarda. Safe da yamma, bayan cin abinci.”

Wani daga baya ya ce, “To ai kakana likita ne ashe, bai sani ba ya mutu yana noma.”

“Na rantse. Ga awo, ga ƙa'ida, ga wanda ya dace da wanda bai dace ba. Karatu ake yi a kai.”

Na ce, “Mu'allim Sahib, rubuta mana mana, ai kana da rubutu mai kyau. Ni a sa mini sau biyar, bayan kowace salla.”

“Kai ko an rubuta maka sai ka sayar da takardar. Ku dai ba ku ga zamanin ƙaramin kofi ba, na maganin nan mai kashe ƙishirwar hoda. Nan bayan asibiti ake ba mu da safe, ka shanye ka tafi aikinka kamar mutum. Wata goma sha ɗaya na yi ban sauka gada ba, har allo na koma. Da masu ba da shi suka hau jirgi...” Ya ɗaga hannu sama ya bi jirgin da ido.

“Sai aka bar ka da Halifa,” in ji na bayan.

“Sai aka bar ni da Halifa. Halifa, a yi mini irin na 'yan ƙwallo, a bar gaba.”

“Sunkuya,” in ji Halifa. Kalmarsa ke nan. Wasu sun yi kwana arba'in da biyar ba su ji wata daga bakinsa ba.

Ya wanke askar, ya goga ta a tafin hannunsa. Ya kai rabin kan Mu'allim ke nan magatakarda ya fito da takardarsa yana kiran sunaye don a raba riguna.

“Faridun ɗan Shirindil!”

Na ce, “Na'am, ga ni, ranka ya daɗe, a ba ni mai aljihu.”

Askar ta tsaya. Halifa bai waiwayo nan da nan ba. Ya tsaya yana kallon rabin kan Mu'allim kamar an rubuta wani abu a kai. Sannan ya dafa kafaɗar dattijon ya ture shi gefe, rabi fari rabi baƙi, ya juyo yana duba layi.

“Wa ya amsa?”

Na ɗaga hannu. Ni fa ban san komai ba. A garinmu duk mai sana'a Halifa ake ce masa: wanzami Halifa ne, direba Halifa ne, mai gasa gurasa Halifa ne, wa ya taɓa tambayar sunan da uwarsa ta raɗa masa?

Ya zaunar da ni. Ya jiƙa, ya buɗa: murɗi ɗaya. Ya lanƙwasa kunnen: babu komai sai datti. Ya shafa ƙeyata, ya ji ƙullutun da jakin kawuna ya yi mini ina yaro, sai na ji hannun ya mutu.

“Kai ne,” ya ce a hankali. “Bara Sattar kake. Da bazara Wahidullah.”

“Halifa, ai mutum yana ci gaba.”

“Ina ka samo wannan?”

“Gwanjo. Bai ma tsufa ba.”

Mai gadi yana tsaye kusa da bulalarsa, don haka bai ƙara ba. Ya aske ni tas, ya koma kan Mu'allim. Sai da muka shiga ɗaki Mu'allim ya make ni a sabon ƙwal ɗina.

“Kai jaki ɗan jaki. Ka san sunan Halifa?”

“Halifa.”

“Shirindil. Shekara huɗu yana jiran a kira wannan sunan.”

Sati biyun farko ban iya tunanin kowa ba sai ƙashina. Da na fara tsayuwa da ƙafata, sai ga Halifa a bakin tagar ɗakinmu da ƙullin tsumma. Busasshen tut ne, 'ya'yan itacen nan masu zaƙi, da gyaɗar dutse, irin wanda mata ke ajiye wa baƙo. Ya miƙo ta tsakanin ƙarafa.

“Faridun,” ya ce, don mai gadi yana ji, kuma sunan da ke takarda ke nan. “Ci.”

Na ci. Kunya ba ta hana ɗan hoda cin zaƙi, ku tambayi kowa. Washegari ya kawo shayi da sukari a kwalba. Ranar Juma'a gurasar gida mai albasa a ciki, da ɗuminta, wadda na san hannun tsohuwa uwar Faridun ne ya yi ta, kuma na san an gaya mata wani abu. Bai tambaye ni komai ba. Sai ya tsaya yana kallona ina tauna, ya karɓi tsummansa ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fara ɓuya a banɗaki in na hango shi, sai Mu'allim ya karɓa a madadina ya cinye rabi.

“Gaya masa mana,” in ji Mu'allim.

“Ya san doka. Shekara huɗu yana nan, ya san ba a aron na mai rai.”

“Sani daban, a faɗa maka daban. Ni na san ƙodata ta lalace, amma ranar da likita ya faɗa ai zama na yi a ƙasa.”

“To kai ka gaya masa, tunda kana cin gurasar.”

“Ni lissafi na koyar.”

Ga abin da na sani. Wata biyu na yi ina kwana kusa da wani a ƙarƙashin gada, wajen ginshiƙi na uku inda iska ba ta cika shiga ba. Ya ce sunansa Faridun ɗan Shirindil. Yana jefa kalmomin Iran a maganarsa, ba ya faɗa da kowa, kuma yana da guntuwar reza da yake rage wa mutane gemu su ba shi zuƙa ɗaya. Washegarin babbar dusar ƙanƙara na taɓa shi na ji kamar ginshiƙin. Motar shara ta kwashi mutum shida da safen nan, ban san inda ta kai su ba. Na ja bargon. Sunan ma na ga ba mai amfani da shi.

Ranar arba'in da biyar Halifa yakan bi kan masu fita ya gyara musu, don su isa gida da kyan gani, waɗanda ke da gidan. Na bari kowa ya wuce, na zauna a ƙarshe. Kujerar ta yi gefe, ya tura bulon da ƙafa.

Na ce, “Halifa, ina da magana.”

“Sunkuya.”

Na sunkuya, kuma hakan ya fi, don ƙasa na gaya wa. Na faɗi ginshiƙi na uku, na faɗi kalmomin Iran, na faɗi dusar ƙanƙara da motar shara da bargon. Ban sa wasa ko ɗaya ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye ni. Askar ba ta tsaya ba. Ta gama gefen dama ta koma hagu.

“Ka ga kansa?” ya ce.

“Hular ulu gare shi. Ko barci da ita yake yi.”

“Bayan kunnen fa?”

“Hular ta rufe.”

“Da aka ɗauke shi ba ta faɗi ba?”

“Ban duba ba, Halifa. Bargon nake ja.”

Ya share askar a tsumma. “To ba ka ga komai ba. Shi ma aro ya yi, kamar kai.”

Na buɗe baki. Ko ɗan aji bakwai ya iya wannan lissafin: in wancan aro ya yi, to daga wa ya ara, kuma sunan wa ake aro in ba na mamaci ba? Na ɗago na dube shi, sai na ga ya riga ni yin lissafin, tun ranar farko ma, ya ninke shi ya ajiye inda ba zai gani ba. Ya ɗaga askar ya goga ta a tafin hannunsa, sau uku gaba sau ɗaya baya, sannan ya hura mata iska kamar mai kashe ashana.

Na san wannan gugar. Wata biyu ina ganinta a jikin guntuwar reza, wajen ginshiƙi na uku, sau uku gaba sau ɗaya baya da hurawa, har ina tsokanar mai yi ina cewa shayi ne da za ka hura. Ita kaɗai ce ban faɗa ba, kuma tana bakina, ta kai haƙori. Na tuna tsohuwar da ke gasa gurasa mai albasa. Na tuna gobe da safe mutumin nan sai ya sami dalilin naɗe askarsa a tsumma ya fito. Na haɗiye ta. Ban sani ba ko alheri na yi masa ko sata, don na saba da ɗayan fiye da ɗayan.

Da na rasa abin yi sai bakina ya kama aikinsa. Na miƙe tsaye a gaban kujera, na dafa ƙirji.

“Halifa, ka shaida, yau Nasrat ɗan Abdul Ƙayyum ya tuba. Ga sunana na gaskiya na ba ka kyauta. Ni da hoda har abada. Daga nan gidan yayata zan wuce, in yi wanka da sabulu, in nemi aikin ɗaukar kaya a kasuwar kayan miya. Duk Juma'a zan sauka gada da ƙafata, ba don zuƙa ba, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina cire huluna. Duk mai murɗi biyu a Kabul sai na kawo maka shi a kafaɗa. Sannan ka koya mini aski, mu buɗe shagon nan, mu juyo da hotuna, a rubuta a allo Shirindil da Nasrat, gyaran kai na zamani...”

Ƙarar ƙofar ƙarfe ta katse ni. Wata mota ce take shigowa da baya, cike da barguna masu motsi, mai tiyo har ya fara jan tiyonsa. Halifa ya zubar da ruwan kwanonsa ya ɗebo sabo. Ya dubi kaina, ba fuskata ba.

“Wata huɗu kake yi ka dawo, na auna da gashinka,” ya ce. “Matsa, ka tare mini kujera.”